Gurɓacewar Iska a Birnin Jalingo: Tushenta da Illolinta ga Lafiyar Al'umma

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci inda gurɓacewar iska take tasowa a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, da irin cutarwar da take yi wa lafiyar mazauna garin. An bi hanyar nazarin ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da dokokin muhalli na Nijeriya, sannan aka auna su da yanayin garin da sana'o'in mutanensa. Nazarin ya gano cewa, ko da yake garin ba shi da manyan masana'antu, iskarsa tana ɗauke da hayaƙin girki da na ababen hawa da janareta da ƙona bola, waɗanda ke haɗuwa da ƙurar hunturu. Mata da ƙananan yara da masu sana'a a bakin titi su ne suka fi shaƙar wannan guba.

Fitilun Kalmomi: gurɓacewar iska, Jalingo, hunturu, hayaƙin girki, lafiya

1.0 Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a shekarar 2019, kuma kashi 99 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a wuraren da iskarsu ba ta cika ƙa'idar hukumar ba. A Nijeriya, hankalin masana ya fi karkata ga manyan birane. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 kaɗai matsalar ta kashe kimanin mutum 11,200 a Legas, tare da jawo asarar dala biliyan 2.1. Haka nan baƙin tokar da ya fara rufe Fatakwal a 2016 ya ja hankalin ƙasa baki ɗaya. Wannan ya sa ake ganin kamar matsala ce ta garuruwan masana'antu da mai. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa matsakaicin birni irin Jalingo yana da tasa gurɓacewar, wadda ke tasowa daga madafi da bakin titi da juji.

2.0 Farfajiyar Bincike

Jalingo ita ce hedikwatar Masarautar Muri, kuma ta zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Jalingo na da mutum kusan 140,000, kuma tun daga nan garin ya ci gaba da bunƙasa, musamman bayan kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008. Unguwanni irin su Mayo-Gwoi da Magami da Sabon Gari da Nukkai sun cika sun batse, gidaje suna riga titi da magudanar ruwa isa sababbin wurare. Damina takan ɗauki wajen wata shida zuwa bakwai, sannan rani ya biyo baya da hunturu da bazara.

3.0 Tushen Gurɓacewar

3.1 Ƙurar Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Titunan cikin unguwa marasa kwalta suna ƙara tasu. A wannan lokaci, da daddare zuwa asuba, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta ta sama, sai hayaƙin gari ya rasa hanyar tashi. Shi ya sa hazon safiya yake zuwa da warin ƙonanniyar leda.

3.2 Hayaƙin Girki

Nan ne matsalar ta fi tsanani. Gidaje da dama suna girki ne da icce ko gawayi, kuma tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar naira, ta sa gas da kananzir sun gagari talaka. A madafin da ba shi da taga, mace takan durƙusa gaban murhu mai duwatsu uku tana hura wuta da baki, da goyo a bayanta. Idan iccen ɗanye ne ko ruwan sama ya taɓa shi, sai a sa leda ko guntun roba don wutar ta kama. Baƙin da ya kama rufin ɗakin shaida ce ta abin da uwa da ɗanta suke shaƙa sau biyu ko uku a rana. Masu tuyar ƙosai da masa da masu turara shinkafa sun fi kowa daɗewa a cikin wannan hayaƙi.

3.3 Ababen Hawa da Janareta

Keke mai ƙafa uku ne ke ɗauke da yawancin zirga-zirgar cikin gari, ga tsofaffin motoci da tireloli da ke bin hanyoyin Yola da Wukari. A wuraren cunkoso, kamar kewayen babbar kasuwa da titin Hammaruwa, injuna na aiki alhali abin hawa na tsaye, 'yan tireda da masu talla kuma suna zaune dab da bututun hayaƙi. Ƙarancin wutar lantarki ya sa shaguna da gidaje sun dogara ga janareta, wanda sau da yawa ake ajiyewa a zaure ko gindin taga saboda tsoron ɓarayi.

3.4 Ƙone-ƙone a Fili

Inda motar kwasar shara ba ta zuwa, ashana ake ƙyasta wa bola, da leda da roba da tsofaffin batura a ciki. Tulin ɓuntun shinkafa a bayan injinan casa yakan yi kwanaki yana ci a hankali yana fitar da hayaƙi. Da kaka kuma ana ƙona karare a gonakin gefen gari, mafarauta su cinna wa daji wuta.

4.0 Illoli ga Lafiya

Abin da ya fi haɗari a cikin ƙura da hayaƙi shi ne burbushin da ake kira PM2.5, wanda ya fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30. Hanci ba ya iya tace shi, don haka yakan kai can cikin huhu, wani ma ya shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninsa na shekara daga maikurogiram 10 zuwa 5 a kowace kubik mita ta iska, saboda an tabbatar kaɗan ma yana cutarwa.

Ga yara, burbushin yana jawo ciwon namoniya da tayar da asma. Ga manya, yana da hannu a ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da cutar toshewar huhu. Ga masu juna biyu, ana danganta shi da haihuwar jarirai marasa nauyi. Hukumar ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara sama da 237,000 'yan ƙasa da shekara 5. A 2013 kuma cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sanya gurɓatacciyar iskar waje cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Ita kuwa iskar kabon monoksaid da janareta da gawayi ke fitarwa ba ta da launi ba ta da wari, kuma takan kashe masu barci a rufaffen ɗaki. Kasancewar akasarin waɗannan cututtuka a hankali suke kama mutum, jama'a sukan ɗauke su a matsayin mura ko sanyi kawai.

5.0 Shawarwari

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Hukumar kula da dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da dokokin 2011 kan hayaƙin ababen hawa da kan ƙona daji da shara a fili, da kuma ta 2014 kan ingancin iska. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Don haka maƙalar ta ba da shawarar:

1. A kafa na'urorin auna iska a kasuwa da tashoshin mota da unguwanni, a riƙa sanar da jama'a sakamakon ta gidajen rediyo.
2. Asibitocin garin su riƙa adana bayanan cututtukan numfashi wata-wata, domin masana su kwatanta su da awon iskar.
3. A sauƙaƙa wa mata samun murhu mai cin icce kaɗan da ƙananan tukwanen gas, a kuma ƙarfafa buɗe taga a madafi.
4. A tsara kwasar shara a kai a kai, a kuma mayar da ɓuntun shinkafa curin makamashi maimakon ƙona shi.
5. Limamai da fastoci da masu unguwanni su gargaɗi jama'a kan kwana da janareta ko kaskon gawayi a ɗaki.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa gurɓacewar iskar Jalingo kashi biyu ce: ƙurar da iska ke kawowa daga hamada, da hayaƙin da mutanen gari ke tayarwa da hannunsu. Ta farko ba ta taruwa, sai dai kariya da takunkumin hanci da rufe tagogi a ranakun hazo. Ta biyu kuwa ana iya rage ta da kuɗi kaɗan. Ya kamata gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma su fara da madafi da juji, domin nan ne mata da yara suka fi cutuwa.