Alpe d'Huez (wurin wasan ski)

Alpe d'Huez wurin wasan ski ne da ke cikin tsaunukan Alps, a yankin Isère na kudu maso gabashin ƙasar Faransa. Wasan ski shi ne zamiya a kan dusar ƙanƙara da wasu dogayen alluna biyu da ake maƙalawa a takalmi. Garin yana kan tsayin kimanin mita 1,800 daga doron teku, kuma tazararsa da birnin Grenoble kusan kilomita 60 ce. Hanyoyin zamiyarsa sun kai kimanin kilomita 250 idan aka haɗa da na ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi, wato Auris, Oz, Vaujany da Villard-Reculas. Yana cikin wuraren da masu koyo da masu matsakaicin ƙwarewa ke yawan zaɓa a ziyararsu ta farko, saboda hanyoyi masu sauƙi suna dab da gari, masu wuyar kuma suna can saman dutse.

Tarihi

An fara raya wurin a shekarun 1930. A shekarar 1936 injiniya Jean Pomagalski ya kafa na'urarsa ta farko mai jan 'yan wasa zuwa saman tudu a nan, daga baya kamfaninsa na Poma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera irin waɗannan na'urori a duniya. A gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Grenoble a 1968, Alpe d'Huez ne ya karɓi baƙuncin tseren amalanken ƙanƙara. Garin ya kuma shahara a tseren kekuna na Tour de France. Titin da ya haura zuwa gare shi daga Bourg-d'Oisans yana da kwana 21 masu kaifi a cikin kilomita 13.8, kuma Fausto Coppi ɗan ƙasar Italiya ne ya fara lashe zangon da ya ƙare a can a 1952.

Rabe-raben hanyoyin zamiya

A Faransa ana raba hanyoyin zamiya gida huɗu bisa launi, kuma ana kafa sanduna masu launin a gefen kowace hanya. Kore na masu koyo ne, gangarensa kaɗan ne kuma yana da faɗi. Shuɗi na wanda ya iya juyawa da tsayawa ne. Ja yana da gangare sosai, baƙi kuwa na ƙwararru ne. Tsarin ya sha bamban da na Amurka da Kanada, inda ake amfani da koren da'ira, shuɗin murabba'i da baƙin lu'ulu'u, ba tare da ja ba. Kowane wuri ne ke sanya wa hanyoyinsa launi, don haka hanya mai alamar shuɗi a wani wuri tana iya fin ta wani wurin wuya. Haka kuma hanya ɗaya takan sauya hali a cikin yini: da safe dusar ƙanƙara a daskare take kuma da santsi, da yamma kuma takan yi laushi ta taru tsibi-tsibi.

A Alpe d'Huez yawancin hanyoyi masu alamar kore suna shimfiɗe a faffaɗan fili da ke saman gari, kuma ana shiga su ta unguwar Les Bergers ko ta Rond-Point des Pistes. Wurin yana ƙara wuya ne gwargwadon yadda ake hawa sama. Ƙololuwarsa ita ce Pic Blanc mai tsayin mita 3,330. Daga nan ne hanyar Sarenne ke farawa, mai alamar baƙi da tsawon kilomita 16, tana cikin mafiya tsawo a Turai. Akwai kuma Le Tunnel, wadda ke ratsa wani rami da aka haƙa a cikin dutse kafin ta faɗa gangare mai tsananin tsayi. Wanda bai ƙware ba yana iya hawa Pic Blanc a motar igiya don kallon tsaunuka, sannan ya sauko a cikinta.

Lokacin ziyara

Kakar wasa takan fara a farkon Disamba ta ƙare a cikin Afrilu. Farashin masauki da cunkoson jama'a sun fi yawa a makon Kirsimeti da na sabuwar shekara, sai kuma lokacin hutun hunturu na makarantun Faransa, wanda ake rarraba shi tsakanin yankuna uku a cikin Fabrairu zuwa farkon Maris. Makonnin Janairu da ke bayan hutun sabuwar shekara sun fi sauƙin kuɗi da ƙarancin layi, amma sanyi ya fi tsanani kuma rana na saurin faɗuwa. A Maris yini ya fi tsawo, sanyi ya ragu. Tun 2019 ake gudanar da bikin kiɗa na Tomorrowland Winter a garin cikin Maris, abin da kan sa masauki ya yi wuyar samu a makon.

Sufuri da masauki

Daga cikin filayen jiragen sama da ke kusa akwai na Grenoble da na Lyon. Jirgin ƙasa mai sauri na TGV yana kai fasinja daga Paris zuwa Grenoble cikin kimanin sa'o'i uku, daga nan sai a shiga bas. Dokar Faransa ta wajabta wa motoci amfani da tayoyin hunturu ko ɗaukar sarƙar taya a yankunan tsaunuka daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris. Yawancin gidajen haya ana bayar da su ne na mako guda, daga Asabar zuwa Asabar, shi ya sa titin hawa garin ke cika da motoci a ranar. Masaukin da ke kusa da wurin da ake haɗuwa don darasi ya fi dacewa da mai koyo, domin tafiya mai nisa da takalmin ski tana da wahala.

'Yan Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru da Chadi suna buƙatar bizar Schengen kafin shiga Faransa. Cikin sharuɗɗanta akwai inshorar lafiya da ta kai aƙalla Yuro 30,000, amma ba kowace irin wannan inshora ce ke ɗaukar nauyin raunin da aka samu a wasannin hunturu ba.

Darasi da kayan wasa

Makarantar ski mafi girma a ƙasar ita ce École du ski français, wadda aka kafa a 1945, kuma ana gane malamanta da jajayen tufafi. Darasin rukuni yakan ɗauki kwana biyar ko shida, ana raba ɗalibai bisa ƙwarewarsu. Abin da ake fara koyarwa shi ne rage gudu da tsayawa ta hanyar haɗa kawunan allunan a gaba da buɗe su a baya, sai juyawa, sai hawa na'urorin ɗaukar mutane. Ana ɗaukar mutum a matsayin mai matsakaicin ƙwarewa idan ya iya juyawa da allunan a jere, yana kuma sauka hanyoyi masu alamar shuɗi ba tare da gudu ya ƙwace masa ba.

Masu zuwa karon farko galibi hayar alluna, takalma, sandunan hannu da hular kwano suke yi. A shagon haya ana tambayar nauyin mutum, tsayinsa, shekarunsa da ƙwarewarsa, domin da su ake saita maƙallin da ke sakin takalmi idan an faɗi. Wanda ya ƙara wa kansa ƙwarewar da ba shi da ita, za a ɗaure masa maƙallin da ƙarfi, kuma hakan na iya jawo rauni a gwiwa, wanda shi ne ya fi yawa a wasan. Tikitin hawa na'urori kuwa iri-iri ne, akwai na yankin masu koyo kaɗai da ya fi na dukan wurin araha.

Lafiya da ƙa'idoji

Zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Celsius a duk mita 1,000 da aka hau, don haka ana sa tufafi hawa-hawa tare da safar hannu da rigar da ruwa ba ya ratsa ta. Dusar ƙanƙara tana mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata da ido, shi ya sa ake amfani da tabarau da man kariya ko da gari ya yi hazo. Sama da mita 2,500 wasu kan yi fama da ciwon kai da haki saboda ƙarancin iskar shaƙa.

Hukumar wasan ski ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji goma da ake bi a hanyoyin. Daga cikinsu, wanda ke ƙasa shi ke da hanya, kuma na bayansa ne zai kauce masa. Ba a tsayawa a wuri mai ƙunci ko inda ba a hango mutum daga sama, kuma ana duba sama kafin a shiga hanya. Hanyoyi masu alama ne kaɗai ma'aikata ke sintiri a kansu tare da kare su daga zaftarewar dusar ƙanƙara, wadda ake auna haɗarinta daga mataki na 1 zuwa na 5. A Faransa wanda aka ceto daga kan hanyar zamiya shi ke biyan kuɗin ceton, saboda haka ake sayar da inshorar kwana-kwana tare da tikiti. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.