Sammako Mai Ɗauri: Tarihin Wani Alƙawari a Makarantun Lauya na Amurka

A watan Nuwamba na kowace shekara, wasu daga cikin masu neman karatun lauya a Amurka kan sa hannu a wata gajeriyar takarda. Sharaɗinta shi ne ɗalibi ya miƙa takardunsa ga makaranta guda kafin sauran jama'a, ita kuma ta ba shi amsa kafin shekara ta ƙare. In ta karɓe shi, wajibi ne ya janye takardun da ya aika ko'ina, ya tafi can. Ana iya kiran wannan tsari sammako mai ɗauri. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko yake shiga karatun lauya na shekara uku, saɓanin Najeriya inda ake farawa daga sakandare, don haka masu sa hannun nan manya ne, sun san nauyin bashi.

Ba a makarantun lauya dabarar ta samo asali ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu neman shiga jami'a sun ƙaru sosai, ɗalibai kuma suka fara nema a wurare da yawa a lokaci guda, har jami'o'i suka kasa sanin mutum nawa cikin waɗanda suka karɓa za su zo. A tsakiyar shekarun 1950, Harvard da Yale da Princeton suka shirya da wasu zaɓaɓɓun makarantun sakandare, inda ake ba ɗalibi harafin A ko B ko C tun kafin lokacin nema. Mai A ya san gurbinsa ya kusa tabbata. Hausawa na cewa in ka yi sammako wani a tafe ya kwana, kuma 'ya'yan waɗannan makarantu, galibinsu daga gidajen masu hali, su ne suka kwana a tafe. Ƙananan kwalejoji da ke asarar haziƙai ga manyan nan uku sai suka mayar da martani a ƙarshen shekarun 1950: za su ba da amsa da wuri, amma sai ɗalibi ya yi alƙawarin zuwa. Tun asali, ke nan, matsalar makaranta tsarin ya zo warwarewa.

A 1976 manyan nan uku suka ɗauki sammako mara ɗauri, wanda ɗalibi ke samun amsa da wuri ba tare da ya ɗaure kansa ba. A tsakiyar shekarun 1990 Yale da Princeton suka koma mai ɗauri, Stanford ma ta shigo. A lokacin mujallar U.S. News, wadda ta fara jera jami'o'i bisa daraja a 1983, tana lissafa yawan waɗanda suka amsa tayin gurbi cikin ma'aunanta, kuma ɗalibin da ya ɗaure kansa ba ya iya ƙin tayi. Sai a 2003 ta cire wannan ma'auni.

Kafin nan suka ta riga ta yi ƙarfi. Ɗan jarida James Fallows ya caccaki tsarin a mujallar The Atlantic a 2001. A 2003 Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser suka wallafa littafin The Early Admissions Game, inda suka nuna cewa nema da wuri yana ƙara wa ɗalibi dama kamar an ƙara masa maki kusan 100 a jarrabawar SAT. Ribar gaskiya ce, amma wa ke cin ta? Wanda ba ya bukatar kwatanta tallafin kuɗi tsakanin makarantu. A 2006 Harvard, ƙarƙashin Derek Bok, ta soke sammako gaba ɗaya, Princeton da Jami'ar Virginia suka bi ta. Sauran suka yi shiru suna kwasar ɗaliban da ke son amsa da wuri. A 2011 Harvard da Princeton suka dawo da sammako mara ɗauri.

Makarantun lauya sun ari tsarin, sai dai lissafinsu ya fi tsauri. Darajarsu a jerin U.S. News ta daɗe tana rataye da matsakaicin makin ɗalibansu a jarrabawar LSAT, wadda ke tsakanin 120 da 180, da kuma sakamakon digirinsu na farko. Daga 2010 zuwa 2015 sababbin ɗaliban lauya a ƙasar suka ragu daga sama da 52,000 zuwa kusan 37,000. Masu babban maki suka yi ƙaranci, makarantu suka shiga sayen su da rangwamen kuɗin karatu. Daga nan ciniki ya zama ruwan dare: ɗalibi kan nuna wa makaranta ɗaya tayin da wata ta yi masa, ya nemi ƙari. A wurin da kuɗin shekara a manyan makarantu ya haura dala 70,000, wannan ciniki kan kai dubban daloli masu yawa, kuma shi ne ainihin abin da mai sa hannu a takardar ɗauri ke sallamawa. Ya shiga kasuwa ya shaida wa mai kaya cewa ko nawa ne zai saya.

Makarantun lauya na Yale da Harvard da Stanford ba su da wannan tsari, domin ba kasafai ake ƙin tayinsu ba. Columbia da Chicago da Pennsylvania da Michigan da Jami'ar New York, waɗanda ke gasa da su, suna da shi. Wasu kuma, irin su Northwestern da Jami'ar Boston, sun haɗa ɗaurin da tallafi mai kauri da aka bayyana tun farko, abin da ya sauya lissafin ƙwarai, tunda ɗalibi ya san farashi kafin ya ɗaure kansa.

Ba kotu ke tsare alƙawarin ba. Abin da ke tsare shi shi ne tsoron ɓata suna: makaranta na iya janye gurbi, kuma mai neman lasisin lauya a Amurka sai an binciki halinsa da gaskiyarsa. Yadda makarantu ke musayar sunayen waɗanda suka ɗaure kansu ya sa Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta buɗe bincike a kan wasu kwalejoji a 2018.

Tarihin nan ya nuna wanda tsarin ya yi wa daidai: mai makaranta guda a zuciyarsa, wanda makinsa ke bakin iyaka, kuma kuɗi ba su dame shi ba. Wanda makinsa ya haura matsakaicin makarantar yana ba da abu mai tsada don sayen abin da wataƙila zai samu kyauta. Ɗalibin da ya fito daga Kano ko Accra kuwa ya fi kowa bukatar taka-tsantsan, domin ba ya cikin masu samun rancen karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, kuma sai ya nuna shaidar kuɗin shekarar farko kafin makaranta ta ba shi takardar da zai nemi biza da ita.