Tasirin Zafin da Ya Wuce Kima a kan Yisti Yayin Tsimuwar Giyar Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ke samun giyar sha'ir da ake haɗawa a gida idan zafi ya afka mata bisa kuskure, ta kuma nuna cewa galibin ɓarnar a kwanakin farko take aukuwa. Haramcin giya a shari'a sananne ne. Abin da muke bahasi a kansa shi ne ɗabi'ar yisti, wanda shi ne dai ke tayar da ƙullin burodi.

Bahasi

Tun da Louis Pasteur ya wallafa littafinsa kan giya a 1876, masana suka sakankance cewa tsimuwa aikin halitta ce mai rai, wadda ke cin sukari ta fitar da barasa da iska, kuma kamar kowane mai rai tana da haddin zafin da take jurewa. Yistin Saccharomyces cerevisiae ya fi dacewa da haɗa giya tsakanin digiri 18 da 22 a ma'aunin Salshiyos; amma abin da masu haɗawa suka fi gafala da shi shi ne cewa tsimuwar da kanta zafi take haifarwa, ta yadda cikin tulu yakan ɗara ɗakin da aka ajiye shi ɗumi, balle a ce an bar shi kusa da murhu ko inda rana ke bugawa.

Idan zafi ya hau, yisti yakan yi gaggawa, kumfa ta taso har ta ɓalle marfi, mai tulu ya zaci albarka ce, alhali a wannan sa'a ce ake tara barasa masu nauyi, waɗanda Felix Ehrlich ya bayyana asalinsu a 1907, masu ƙuna a maƙogwaro, tare da wani wari irin na ayaba ko na fenti. A ra'ayinmu nan ne asarar take, domin sanyaya tulun daga baya ba ya kawar da su. In kuwa zafin ya kai wajen digiri 50, yisti ya mutu, sukari ya saura, sai bakteriya masu tsami su gaje wurin, kuma in iska ta samu shiga, barasar ta juye khal, wato sauyin da fuƙaha suka tattauna a babin istihala.

Magabatan Bavariya sun san wannan illa ta zafi ta hanyar jarrabawa, shi ya sa a 1553 aka hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba. Sai dai yistin kveik na manoman Norwe yana aiki lafiya har kusan digiri 40, haka kuma burkutun dawa yana tsimuwa cikin zafin ƙasarmu. Muna kira ga masana ƙananan halittu a jami'o'inmu da su ƙara himma wajen tace irin wannan yisti mai juriya, domin masu gidajen burodi na buƙatarsa a lokacin bazara.