A&P (gajeren labari)

"A&P" gajeren labari ne na marubucin Amurka John Updike (1932–2009). Ya fara fitowa a mujallar The New Yorker a 1961, aka kuma saka shi cikin kundin labaransa mai suna Pigeon Feathers a 1962. An samo sunan daga wani kamfanin manyan kantuna da rassansa suka game Amurka a wancan zamani. Babban jigonsa shi ne karon da ake yi tsakanin bin abin da jama'a suka saba da bijirewar ƙuruciya.

Zubin labari

Daga bakin Sammy labarin yake fitowa, saurayi ɗan shekara 19 mai karɓar kuɗi a reshen kantin da ke wani ƙaramin gari arewa da Boston, mil biyar daga bakin teku. Wata rana da zafi 'yan mata uku suka shigo ba ko takalmi, sanye da kayan ninƙaya, don sayen kwalbar kifi ɗaya ta santi 49. Manajan kantin, Lengel, wanda ke koyar da yara a coci ranar Lahadi, ya ci gyaransu a bainar jama'a kan cewa shigarsu ba ta dace ba. Nan take Sammy ya ce ya bar aiki. Lengel, da yake abokin iyayensa ne, ya ja masa kunne cewa zai yi da-na-sani. Sammy ya tuɓe kayan aiki ya fita, ya tarar 'yan matan sun riga sun tafi, ba su ma san abin da ya yi ba.

Warwarar jigo

Kantin yana wakiltar rayuwar da aka shata wa kowa. Sammy yana kallon masu sayayya tamkar tumaki, kowa na tura kekensa ta hanyar da aka saba, 'yan matan kuwa suka bi ta akasin haka. Abokin aikinsa Stokesie, ɗan shekara 22, yana da mata da 'ya'ya biyu, burinsa ya zama manaja. A jikinsa Sammy ke hango gobensa.

Sai dai Updike bai mai da tauraronsa gwarzo ba. Sha'awa da neman burgewa sun cuɗe da ƙin wulaƙanci a zuciyar Sammy. Akwai kuma batun aji, domin daga kifin da jagorar 'yan matan ta saya ya raya cewa 'yar masu hali ce, ya kwatanta gidansu da nasu.

Matsayinsa a adabi

Manazarta kan gwama labarin da "Araby" na James Joyce (1914), inda shi ma yaro ya yi yunƙuri saboda yarinya ya tashi a tutar babu. Ya sha bamban da "The Loneliness of the Long-Distance Runner" na Alan Sillitoe (1959), wanda tauraronsa ya ƙi cin tsere da gangan don ya kunyata shugaban gidan horon da aka tsare shi. Wancan ya shirya tawayensa, ya san abokin gabarsa. Na Sammy kuwa subutar baki ce da ya ga bai kamata ya janye ba, labarin ya ƙare yana fahimtar cewa duniya za ta yi masa tsauri daga nan gaba. Ana yawan koyar da "A&P" a makarantun sakandare da jami'o'in Amurka, an kuma mai da shi gajeren fim a 1996.