Ɗanmaraya Jos: Makaɗin da ya Mai da Talaka Ubangida

Gabatarwa

Manazarta adabin baka sun saba kasa makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a. A ƙasashen kwarin Rima kiɗan fada ne ya fi ƙasaita. Ibrahim Narambaɗa yana Isa, Salihu Jankiɗi yana Sakkwato, Aliyu Ɗandawo kuma ya zauna a fadar Sarkin Kabi a Argungu. Kowannensu yana da ubangida mai ba shi doki da riga da abinci, yana kuma da 'yan amshi da makaɗan rakiya. Wannan maƙala za ta duba yadda wani ɗan makaɗin fada ya bar wannan tafarki, ya kama nasa.

Asalinsa da Tashinsa

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗi ne na Sarkin Hausawan Bukuru. Iyayensa duka biyu sun rasu tun yana jariri, sai sarkin ya ɗauki riƙonsa, daga nan kuma laƙabin Ɗanmaraya ya bi shi. Bukuru a wancan zamani gari ne na haƙar kuza, wanda ya tara leburori da direbobi da 'yan tireda daga ko'ina cikin Arewa. A cikin waɗannan mutane ya tashi, su ne kuma suka zama masu sauraronsa na farko.

A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana matashi ya ga ana kaɗa kuntigi, ya yi sha'awarsa, ya koya. Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi ƙoƙonsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ba ya bukatar ayari. Saboda haka Ɗanmaraya ya zama shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa. Wannan tsari ya yi kama da na mawaƙan bulus na farko a kudancin Amurka, jikokin bayi, inda mutum guda kan rungumi jitarsa ya waƙe halin da talaka yake ciki.

Jigogin Waƙoƙinsa

Waƙar da ta fara fito da shi ita ce ta Karen Mota. Yaron mota shi ne mai loda kaya, mai sa waigi, mai shan ƙura da tsawa, wanda ba wanda ya taɓa ganin ya cancanci kirari. Ɗanmaraya ya ɗauki salon yabo, wanda aka saba keɓe wa sarauta da dukiya, ya shimfiɗa shi a gaban wannan yaro. A lokacin Yaƙin Basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi, yana kawo hoton fagen fama a cikinsu.

Daga baya waƙoƙinsa sun fi karkata ga gargaɗi da gyaran hali. Jawabin Aure ta tattauna zaman miji da mata da illar saki, Auren Dole ta soki aurar da yarinya ga wanda ba ta so. A cikin Gulma Wuya kuwa yakan sauya murya ya kwaikwayi kowane ɗan wasa, har waƙar ta zama tamkar wasan kwaikwayo a bakin mutum guda.

Makaɗin da ba shi da fada yana cikin kasada, domin ba shi da tabbacin kyauta. Abin da ya tsaya wa Ɗanmaraya a madadin fada shi ne rediyo, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sannan faifai da kaset. Ta wannan hanya muryarsa ta kai Argungu da Birnin Kebbi da Maraɗi, har ta tsallaka teku. Ya sami lambar girma ta ƙasa, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.

Kammalawa

Waƙoƙin fada sun adana sunayen sarakuna da nasabarsu da yaƙoƙinsu. Amma mai neman tarihin yaron mota, ko lebura, ko yarinyar da aka yi wa auren tilas, ba zai same shi a can ba. Yana cikin faifan Ɗanmaraya, kuma ya kamata masu nazarin tarihin zaman jama'ar Hausa su ɗauke shi a matsayin madogara.