Asalin Ƙiyasin Ruwan Sama Mafi Tsanani

Duk wanda ya ƙuduri niyyar tare kogi da madatsa, wajibi ne ya warware wata mas'ala tun bai aza harsashi ba, wato iyakar ruwan da sama za ta iya zubarwa a kwarin nan cikin yini guda ko uku, domin bisa ga amsarta ne ake yanka faɗin mafitar da rarar ruwa za ta bi. Magina na farko sun dogara ga shaidar da babbar ambaliya ta bari a gaɓa, su ɗan ƙara wani abu don ihtiyaɗi, har madatsar South Fork ta Amurka ta karye a 1889, ruwa ya ci mutum fiye da 2,200 a Johnstown.

Bayan ambaliyar 1913 a birnin Dayton, injiniya Arthur Morgan da abokan aikinsa suka tattara labarin manyan hadarurruka na gabashin Amurka, suna auna abin da zai auku da a ce wanda ya sauka a wata jiha a kansu ya sauka. Wannan kuwa, a ganina, shi ne tushen fannin, domin ya 'yantar da injiniya daga gajeren tarihin kwarinsa. A ƙarshen shekarun 1930 hukumar yanayi da injiniyoyin sojan Amurka suka ƙara rukuni na biyu, wato a lissafa danshin da hadari ya ɗauko, sannan a ɗaga hisabin zuwa matuƙar abin da iska za ta iya riƙewa a wannan fasali na shekara. David Hershfield ya kawo hanyar ƙididdiga a 1961, wadda ba ta bukatar komai sai littafin ma'aunin ruwa na shekaru, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta tattara hanyoyin cikin littafi a 1973.

Amma ƙiyasi ba yaƙini ba ne. A Agustan 1975 ruwa fiye da milimita 1,000 ya sauka cikin yini guda a lardin Henan na Sin, ya shafe madatsar Banqiao, alhali an gina ta don ambaliyar da ake zaton sau ɗaya take zuwa a shekara dubu. Mutanen Kano ma sun ga irin wannan a madatsar Bagauda a 1988. Yanzu da aka tabbatar iska na ƙara ɗaukar danshi kimanin kashi 7 cikin ɗari a kowane digiri na ɗumama, masana sun koma kan tsofaffin jadawalan suna sake hisabinsu.