Daga Toka zuwa Fiya-fiya a Lambunan Karaye da Rogo

Dattawan Jajaye, a ƙaramar hukumar Rogo, sun taso lokacin da maganin ƙwarin lambu bai wuce toka ba. Mai fadama zai kwaso ta daga murhu, ya barbaɗa wa kuɓewa da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, don ta kama ganye. Uwargida kuwa, in yakuwa ta shigo gida, ruwa da ɗan gishiri sun ishe ta, domin abin da take gudu ƙasa ce da tsutsa, abin da ido ke gani.

Kammala madatsar ruwan Challawa a Karaye a 1992 ya faɗaɗa noman rani. Injin ban-ruwa ya kori jigo, tumatir da albasa da attaruhu suka zama kayan kasuwa, feshi ya biyo baya. An daɗe ana amfani da Gamalin, har Yarjejeniyar Stockholm ta saka sinadarinsa cikin haramtattu a 2009. Fiya-fiya ma ta samu gindin zama, kuma saboda sinadarinta Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Sai 2016, shekarar tsutsar da manoma suka raɗa wa Sharon. Ta cinye tumatirin Kano har masana'antar Dangote da ke Kadawa ta tsaya don rashin kaya. Tsutsar cikin ganye da 'ya'ya take shigewa, inda feshi bai cika kaiwa ba, manomi kuma ya yi ta ƙara magani. Wanda ya fesa jiya, dillali ya tsaya masa da kwando yau, da wuya ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba.

A nan gishirin uwargida ya gaza, domin ragowar magani ba abin da ido ke gani ba ce, musamman ga abin da ake ci ɗanye, kamar latas, ko karas da aka markaɗa aka sha ruwansa.

Don cire wannan ragowar, masana suna gwada iskar ozon, wadda birnin Nice na Faransa ya fara tsabtace ruwan sha da ita a 1906, Amurka kuma ta amince a sa ta a abinci a 2001. Ana hura ta cikin ruwan kayan lambu, ta farfasa wani kaso na ragowar maganin, sannan ta rikiɗe ta koma iskar shaƙa. In aka zarce, launi ya koɗe, bitamin C ya ragu. Na'urar samar da iskar kuma lantarki take ci, abin da mai lambu a Jajaye ba ya gina sana'arsa a kai.